Gwiwar Nasser

Mount Hope, Bronx
Oktoba, 2022

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen gida duka. Yaya Maraɗi, yaya shago? Ka gaida Yaya Cima da yaranta. Mu nan lafiya lau. 'Yarka Aïchatou da mijinta suna can Park Hill ƙalau, 'yarta har ta fara tafiya. Ƙafar Nasser da sauƙi, ya ajiye sanduna.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Da gangan na daina ɗaukar kiranka. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, kullum sai ka katse ni da "Habsatou, saurara". Takarda kuwa dole ka bi ta har ƙasa. Mahamudu zai taho Yamai da kayan kasuwarsa, ya ce zai ba direban Maraɗi ya kawo maka.

Me kake faɗa wa yaron nan? Shekaranjiya na dawo daga shagon kitso ƙafafuna a kumbure, na tarar da shi a kicin yana waya da ejan ɗinsa, mutumin nan da ke nema masa kulob. Maroko na ji ana ta ambata. Da ya ajiye na ce, "Maroko ta me?" Ya amsa mini da Turanci yadda ya saba, wai wani kulob ɗin ƙwallon kwando ne a Kasabalanka ke son sa. Na ce, "Da wace gwiwar za ka yi musu wasan?" Can ya ce, "Baba ya ce in na zo Afirka zai iya zuwa ya gani."

To bari in tuna maka, tunda ba a gabanka aka yi ba. Yana ɗan shekara tara ka tafi. Ni na yi ta tsayuwa jikin shingen filin unguwa cikin sanyi ina jiran ya gama jefa ƙwallo. Ni na raka shi jami'a. Ni ce zaune kusa da shi ranar da manyan kulob na Amurka suka zaɓi sababbin 'yan wasa, aka yi ta kiran sunaye har aka gama babu nasa. Maƙwabtan da suka cika mana falo suka sulale ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da tukunyar shinkafa ba wanda ya taɓa. Daga nan ya shiga duniya: Fotugal, Finlan, Turkiyya, Folan. Kowace shekara sabon gari, sabon yare, da gadon haya wanda ƙafafunsa ke leƙowa ta ƙarshensa. A Folan jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ya dawo mini yana jan ƙafa.

Yanzu wata sakandare nan kusa da Grand Concourse ta ce ya zo ya zama kocin yara. Aiki ne na zama wuri ɗaya, zai kwana a gida ya tashi a gida. Har ya fara sauraronsu, sai ga ka da maganarka.

Shekararsa ashirin da tara, Malam. A wannan wasa tsufa ya fara leƙo shi. Ka kira shi ka ce ya zauna. Taka zai ji, ni na zama ido wa ka raina.

Matarka,
Habsatou


Maraɗi
Nuwamba, 2022

Habsatou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna. Muna lafiya, sai godiya. An gama girbi, gero ya yi kyau bana, kasuwar kayan babur ce dai ta yi sanyi. Yaya Cima na fama da baya amma tana tashi. Na yi murna ƙwarai da jin ƙafar Nasser ta yi sauƙi har ya yar da sanduna, alhamdulillahi. Ki shafa mini kan jikata.

Sauran abin da ke cikin takardar kuwa, sai da na ajiye ta na yi alwala kafin na iya ɗaukar biro.

"Ka tafi." Haka kika rubuta, sai ka ce wanda ya gudu da kayan mutane. Uwata ce ke kwance, Habsatou. Na san takarduna ba su cika ba, na san in na fita ba lalle a bar ni in koma ba. Ke ma kin sani, ke kika haɗa mini kaya. Na zo na rufe ta, su kuma suka rufe mini ƙofa. Sau nawa na je Yamai na sha rana a layin bizar Amurka aka miƙo mini fasfona ba komai a ciki?

Kin jero ƙasashe kamar ban san su ba. Duk inda ya je na bi shi, a waya, a teburin mai shayi, hoton na tafiya yana tsayawa. Wata rana yana sama da ƙwallo a hannu rezon waya ya ɗauke, kafin ya dawo an tashi wasa. Samari su kewaye ni suna cewa, "Baba, da gaske ɗanka ne wannan?" Wani marar kunya ya ce in ɗanka ne me ya hana shi zuwa ko sau ɗaya? Me zan ce masa? In ce uwarsa ce ba ta rasa dalili, bana atisaye, baɗi sauro, wata shekarar hanya ba tsaro? Yana Fotugal na nemi biza aka hana ni. Yana Folan ma haka. Maroko kuwa zan iya shiga. Laifina ke nan, na faɗa wa ɗana gaskiya.

Kuma ki daina ce masa yaro. Mutum ne da ya yi shekaru yana ci da guminsa a garuruwan da ni da ke ba mu iya faɗin sunayensu daidai. Ban ce ya sa hannu ba, ba kuma zan ce kada ya sa ba. Shekara ashirin kina kallonsa. Ni yini ɗaya nake nema, shi ma sai kin yi mini rowa?

Kin ce ke kika tsaya a fili. Gaskiya ne, Allah ya saka miki. Amma ƙwallon farko da ya taɓa riƙewa ni na saya masa a Fordham, ta fi kansa girma, da ita ya kwana a rungume. Wannan ba ki rubuta ba.

Mijinki,
Abdoulaye


Mount Hope
Disamba, 2022

Malam,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sanyi ya shigo sosai. Ina fata ku ma haka.

Ka yi nasara, ya sa hannu. Jiya muka kai shi filin jirgin JFK ni da Saani, maƙwabcinmu mai tasi. Muka raka shi har bakin layin bincike. Da zai shiga ya sunkuyo ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Mama, ki yi haƙuri. Baba bai gani ni ba, ko ɗaya." Na ce Allah ya kiyaye hanya, na juya.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Likitan da ke duba shi a nan ya ce gudu a miƙe ba laifi, amma tsalle da juyi da turereniyar wasa na gaske kada ya kuskura kafin watan Maris. Kulob ɗin sun amince da haka. Zai riƙa atisaye da su, ba za su sa shi wasa ba sai lokacin ya yi. Amma na san ɗana. In ya hango ka zaune cikin 'yan kallo, ba kocin da zai iya riƙe shi a benci. Saboda haka kada ka je kafin Maris. Wanda ya jira shekara ashirin, wata uku ba za su kashe shi ba.

Sauran maganganunka ba ni da lokacinsu. Ƙwallon Fordham kuwa tun shekarar da ka tafi ta fashe.

Habsatou


Kasabalanka
Janairu, 2023

Habsatou,

Sallama. Daga asibiti nake rubuto miki. Ni lafiyata ƙalau. Nasser ya farfaɗo daga aikin da aka yi masa, ya sha ruwa, ya yi sallah a kwance. Aïchatou ta iso jiya don ta tafi da shi, ita za ta kawo miki wannan. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon maƙwabta, ban ga laifinta ba.

Tun takardata ta Nuwamba ban ji daga gare ki ba, na ɗauka fushi ne. Da Nasser ya ce mini ya iso, na rufe shago na taho.

A filin jirgi kansa na fara hangowa sama da na kowa. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ga ya cije leɓe, na ce lafiya? Ya ce ba komai, Baba. Ya kai ni ɗakinsa ya dafa mini taliya da hannunsa. Hausarsa ba ta nisa, Turancina ya yi tsatsa, amma mun yi hira.

Ran Asabar aka yi wasan. Ya ce mini wataƙila ba zai shiga ba, bai faɗi dalili ba, na zaci haka suke yi wa sabon zuwa. An dawo daga hutun rabin lokaci ana cin su, sai na ga ya tashi daga benci ya nufi koci. Kocin na girgiza kai, shi yana nuna inda nake zaune. Can ya tuɓe rigar sama.

Habsatou, na gani. Ya karɓi ƙwallo daga nesa ya jefa, ta shige ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Ya sake jefa wata ta shiga. Ya ƙwace daga hannun wani ya ruga shi kaɗai ya dangwara ta a kwando, ɗakin wasan ya kaure da ihu. Mutumin da ke gefena ya rungume ni bai san ko ni wane ne ba, na ce masa da Hausa, "Ɗana ne!" Ana cikin haka ya yi tsalle zai tare wata, ya sauko a kan ƙafar hagu. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Bai yi kuka ba, ƙasa ya yi ta duka da tafin hannu.

A nan asibiti lokotoro ya tambaye ni da Faransanci, wa ya bar shi ya yi wasa da wannan gwiwa tun yanzu? Ni ne uban, amma a bakin baƙo nake jin ba ta warke ba.

Me ya sa kika ɓoye mini? Takardarki na aljihuna, na sake dubawa: "Ƙafar Nasser da sauƙi, ya ajiye sanduna." Rubutunki ne. Kin cika shafi biyu da tone-tonen abin da ya wuce, amma layi ɗaya da zai ce likita ya hana, ba ki rubuta ba. Da na sani da na zauna a Maraɗi har damina ta faɗi. Kin fi son ki ci ni da magana a kan ki tsare ɗanki. Wallahi tun da na aure ki ban taɓa jin haushinki irin na yau ba.

Abdoulaye


Mount Hope
Fabrairu, 2023

Malam,

Wa alaikumus salam. Sun iso. Lif ɗin gidanmu ya lalace yadda ya saba, Saani da mijin Aïchatou suka tallafe shi har hawa na biyar, yana ba su haƙuri a kowace kwana. Likita ya duba hotuna ya ce zai yi tafiya, wataƙila har ɗan gudu, amma wasan sana'a ya ƙare. Lafiyarmu ke nan, in kana son ji.

Ni ce na ɓoye? Na rubuta maka a Disamba ɓaro-ɓaro cewa kada ka je kafin Maris. In ba ta same ka ba ka nemi Mahamudu. Wai kayansa ne suka maƙale a Kwatano, ya bi su can da takardata a aljihu.

Amma bar ta Disamba. "Da sauƙi" ka kama? Kai ba Bahaushe ba ne? Yaushe "da sauƙi" ta zama "ya warke"? Ranar da aka kira ka daga Maraɗi aka ce jikin Inna da sauƙi, ina tsaye a gabanka. Ka ajiye wayar ka ce, "Habsatou, tsohuwa za ta tafi," washegari ka fita neman tikiti. A kan uwarka ka iya fassara, a kan ɗanka sai ta ɓace maka? A cikin takardar nan da ke aljihunka na rubuta cewa na tambaye shi da wace gwiwar zai yi wasan. Ka karanta abin da ranka ke so, ka tsallake sauran. Ya durƙusa a gabanka ya cije leɓe, ka gani da idonka, ka ci taliyarka ka yi shiru.

Kuma har kana da bakin ba ni labarin yadda ƙwallo ta shiga. "Na gani." To barka. Ka san abin da ni na gani? Na ga ƙafafunsa cikin bokitin ƙanƙara a Finlan, shekarar da azumi ya same su lokacin da rana ba ta son faɗuwa, ya yi wasa baki a bushe bai karya ba. Na ji muryarsa daga wani gari inda 'yan kallo suka yi ta yi masa kukan biri, ya kira ni yana dariya don kada in gane, na kuwa gane. Waɗannan bai gaya maka ba, kai labarin nasara kaɗai ake kai wa. Duk ya jure ne don in ranar bari ta zo ya fita daga fili a kan ƙafafunsa. Sai ga shi an fitar da shi a kan gado mutum huɗu na ɗauke da shi, don kai ka samu ka ce wa wani Balarabe "ɗana ne".

Makarantar nan tuni suka ɗauki wani koci. Yanzu gaban taga yake yini, ƙafa a kan kujera, yana kallon yara suna wasa a fili da rigunan sanyi. In na kawo abinci ya ce ya ƙoshi.

Kada ka aiko mini da gaisuwa ta bakin kowa.

Habsatou


Maraɗi
Maris, 2023

Habsatou,

Sallama. Na dawo gida lafiya. Mun ɗauki azumi, zafi ya fara tsanani. Allah ya ba Nasser lafiya. Waccan kalmar ta "da sauƙi" na daina faɗinta.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, ta Disamba da ta Fabrairu. Ta Disamba Mahamudu da kansa ya kawo, yana sunkuyar da kai. Ban ce masa zauna ba.

Ta Disamba a tsaye na karanta ta a bakin shago. Gaskiyarki, kin rubuta. Amma magana irin wannan, wadda ƙafar mutum ta dogara a kanta, ita za ki ba ɗan kasuwa ya zaga Kwatano da ita? Waya na hannunki. Na kira ki daga filin jirgin Yamai, ta yi ta ƙara har ta katse. "Kada ka je" kawai za ki ce ki kashe. Kin riƙe fushinki da hannu biyu, ba hannun da ya rage miki na ɗaukar waya.

Sai kuma abin da ba ki sani ba. Ranar da za su tashi, bayan na riga na ba Aïchatou takardar nan, na zauna bakin gadonsa na ce masa laifin uwarka ne da ba ta faɗa mini ba. Ya dube ni. Ya yi magana da Turanci a hankali don kada wani abu ya wuce ni. Ya ce, "Baba, kada ka sake faɗin haka. Ba Mama ba ce, ba kuma kai ba ne. Tun a Folan aka gaya mini gwiwar nan ko ta warke ba za ta kai ni nesa ba. Na san da maganar Maris. Ni na tashi daga benci. Tun ina yaro kowa yana da abin da yake so da wasana, Mama karatu, kai suna, ejan kwantiragi. Sau ɗaya na zaɓa da kaina, shi ma kuna so ku ƙwace ku raba tsakaninku." Ya juya fuskarsa bango.

Ban rubuto wannan don in wanke kaina ba. Leɓen nan da ya cije yana gabana ko ina sallah. Amma in jira kike in ce da ma ban ga wasan nan ba, ba zan yi ƙarya da azumi a bakina ba.

Ya kira ni makon jiya, ya ce yana son zuwa Maraɗi in ya fara takawa. Ban ce masa zo ba, ban ce kada ya zo ba, na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ina gaya miki ne tun kafin ki ji daga wani wuri ki ce ni na kitsa.

Abdoulaye


Mount Hope
Mayu, 2023

Malam,

Sallama. An sha ruwa lafiya, an yi sallah lafiya. Nasser ya koma sanda ɗaya.

Na tare shi da maganar da ka ce ya faɗa. Ya ce e, ya faɗa, kuma zai maimaita. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ni da Hausa shi da Turanci, har matar da ke ƙasanmu ta bubbuga silin da sandar shara. Na ce masa, "Ka zaɓa da kanka, to yanzu wa ke gasa maka ƙafar safe da yamma?" Ya ce, "Shi ya sa zan tafi, ki huta." Ya kwashi kayansa ya koma Park Hill wurin yayarsa, ko kira babu. Jiya sai ga shi. Ya zauna ya ci tuwo har ya nemi ƙari, sannan ya nuna mini tikiti a wayarsa. Farkon watan gobe zai sauka Yamai.

Na sa masa albarka, don uwa ba ta da wata hanya. Kai kuwa ban yafe maka ba, kada ka ɗauki wannan takarda a matsayin sulhu.

Ba ya iya tsuguno, ka gyara bayan gida ka sa na zama tun kafin ya zo. A kujera yake sallah, kada in ji wani dattijo ya yi masa surutu a masallaci kana tsaye. Kada ka bar mai ɗori ya taɓa ƙafar nan, ko da Yaya Cima ta rantse cewa nata ya taɓa tayar da gurgu. Kada ka zaga gari da shi kamar ragon layya, samarin mai shayi in suna son ganinsa sun san hanyar gida. In kuka bi ta inda akwai fili da kwando zai tsaya. Ka bar shi ya tsaya. Kada ka ce ya jefa, kada kuma ka ce ku tafi, sai shi ya motsa da kansa.

Ya ce ka kai shi kabarin Inna, yana son ya ga wadda aka bar shi dominta. Haka ya faɗa, ba ni na sa masa a baki ba. Ka shirya abin da za ka ce masa a can, don ni ban taya ka ba, ban kuma ɓata ka ba.

Sannan ka je Yamai da ƙafarka ka tarye shi, kada ka aiki direba. Jakarsa babba ce, kuma zai ce shi zai ɗauka. Ka karɓe ta. Ni na daɗe ina ɗauka, kai ma ka ji nauyinta.

Habsatou